Korona ta tafi, me ya hana kasuwa dawowa?

Wani mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ne ya aiko da wannan tambaya: "Malam, tun 2021 muke jin ana cewa tattalin arziki ya farfaɗo daga korona. Ni kuwa har yau shagona bai koma yadda yake a 2019 ba, maƙwabtana biyu ma sun saki nasu. Cutar nan ba ta yi mana irin kisan da ta yi a Turai ba. To me ya hana mu miƙewa? Ko dai ƙarya ake mana da alƙaluma?"

Alhaji, ba ƙarya ake maka ba, kai ma kuma ba ƙorafin banza kake yi ba. Abin da gwamnati take aunawa daban, abin da ka rasa daban.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana haɗa jimillar abin da aka samar da hidimar da aka yi a ƙasa cikin kowane wata uku, ta kwatanta da irin lokacin a shekarar da ta gabata. Daga Afrilu zuwa Yuni na 2020 wannan jimilla ta ragu da kashi 6.1 cikin 100, daga Yuli zuwa Satumba ta ragu da kashi 3.6, sai a watanni ukun ƙarshe ta ƙaru da kashi 0.11. Wannan ɗan ɗigon shi ne aka yi ta shelarsa cewa Najeriya ta fita daga karayar tattalin arziki. A 2021 ƙarin ya kai kashi 3.4. Lissafin daidai ne. Sai dai yawanmu yana ƙaruwa da sama da kashi 2 cikin 100 duk shekara, don haka abin da ya rage wa kowane mutum ɗaya bai taka kara ya karya ba. Sannan waɗanda suka ja ragamar ƙarin na ƙarshen 2020, kamfanonin sadarwa ne da noma, ba masu sayar da sutura ba. Babban abin kuma shi ne, wannan ma'auni ciniki yake ƙirgawa. Ba ya tambayar da kuɗin wa aka yi cinikin, ko me aka sayar a gida kafin a samu na cefane.

Abin da korona ta ci a wajenku shi ne uwar kuɗi. Ka tuna lokacin da kullen ya faɗo. Gwamnatin Kano ta rufe gari a tsakiyar Afrilu na 2020, azumi ya kama bayan kamar mako guda, ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya ƙara ɗaure dokar, ƙaramar salla ta zo a ƙarshen Mayu ana buɗe gari ne kawai a wasu ranaku na 'yan sa'o'i, ba a yi hawa ba. Ba sai na faɗa maka mene ne azumi a Kwari ba. Shi ne kakarku. Kayan da ka saro tun watan Sha'aban da niyyar su fita kafin salla, suka kwana a shago. Tela bai samu ɗinki ba, mai aikin wuya bai samu ba, ɗan dako da mai a-daidaita-sahu da mai abincin da ke ciyar da su duk suka zauna. Da a ce kullen nan a watan Safar ya zo, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Manomi ma a bakin damina abin ya same shi, lokacin sayen taki da iri, ga hanyoyi tsakanin jihohi a toshe har farkon Yuli. An ce an bar motocin abinci su wuce, amma duk wanda ya ɗauko tumatir daga Kadawa a lokacin ya san yawan shingayen da ya tarar kafin ya isa Kudu.

Gida kuwa ba ya kulle. Ana rufe shago, tukunya ba ta daina neman abin dafawa. Mu ɗauka, don misali kawai, mai ƙosai ce da jarin naira dubu 20, tana samun ribar dubu ɗaya a rana tana ciyar da 'ya'yanta. Aka hana ta fita. Cikin kwana 20 jarin ya tafi a ciki. Ran da aka buɗe gari, ga masu saye sun fito, amma ba ta da kuɗin wake da mai. Idan ta yi sa'a ta ci bashi ta koma da rabin abin da take soyawa, ribar ma ta koma rabi, kuma rabin nan duk ciki zai tafi, babu abin da za a mayar cikin jari. A takarda ta koma aiki. A zahiri ta sauka mataki ɗaya, kuma hawa ya fi sauka wuya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta yi ta waya tare da Bankin Duniya ya nuna wannan fasali: a Afrilu da Mayu na 2020 kusan mutum huɗu cikin goma na masu aiki sun tsaya, gidaje kusan takwas cikin goma sun ce samunsu ya ragu. Bayan 'yan watanni yawancin mutane suka koma aiki, amma samun bai koma ba. Talaka ba ya iya zaman kashe wando, dole ya fita, ko da abin da zai samo bai kai na jiya ba. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina kada su ruɗu da jin cewa "mutane sun koma bakin aiki". A tambaya, da wane jari suka koma? Akuya nawa aka sayar? Keken ɗinki nawa ya fita daga ɗaki, gona nawa aka jinginar?

Akwai wani jarin da ya fi kuɗi, ku 'yan Kwari kun fi ni saninsa, wato amana. Kasuwarku a kan bashi take tafiya. Mai shigo da kaya ya ba ɗan sari, ɗan sari ya ba ɗan kiri, baƙo daga Maraɗi ko Damagaram ko Chadi ko Kamaru ya ɗauki dila a kan zai biya idan ya dawo. Babu takarda, babu lauya, sai sanayya. Wannan sarƙa tana tafiya ne muddin kowa yana biya a kan lokaci. Kafin korona ma an riga an ji mata ciwo, domin tun Agusta na 2019 iyakokin ƙasa suke rufe, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba na 2020. Da kulle ya hau kai, baƙo bai dawo ba, ɗan kiri bai biya ba, kai ma ka kasa biyan wanda ya ba ka. Bayan an buɗe, wanda a da yake ba ka kaya na wata biyu sai ya ce kuɗi hannu. Ba mugunta ba ce, shi ma an ƙone shi. Haka adashe ya watse a unguwanni: waɗanda suka riga suka kwasa suka kasa zubi, na ƙarshen layi suka tashi a tutar babu, uwar adashe ta shiga uku. Babu wani ma'aunin gwamnati da yake ƙirga adashen da ya mutu, alhali shi ne bankin mafi yawan matanmu.

A kan cewa cutar ba ta yi kisa ba, zan ɗan ja da kai. Adadin da hukuma ta rubuta a duk Najeriya bai wuce mutum dubu uku da 'yan kai ba, amma gwaji ya yi ƙaranci. Kai shaida ne a kan abin da ya faru a maƙabartun Kano a Afrilu na 2020. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana daga baya cewa an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna iya kasancewa da alaƙa da korona. Yawancinsu dattawa ne. A kasuwa irin taku, dattijo ba baki ɗaya ba ne kawai da ya daina ci. Shi ne wanda ake ba yaro kaya saboda darajarsa, shi ne mai sasanta rigimar bashi, shi ne wanda dukiyarsa take juyawa a hannun mutum goma. Idan ya rasu aka raba gado, jarin da yake dunƙule ya zama gutsattsari.

To ina gwamnati? A nan ne bambancinmu da masu arziki ya fito fili. Amurka ta zartar da dokar tallafi ta dala tiriliyan 2.2 a Maris na 2020, ta aika wa yawancin baligai dala 1,200 kai tsaye. Ita tana cin bashi da kuɗin ƙasarta, wato dala, a kan ruwa kaɗan. Mu kuwa annobar ta bugi aljihun gwamnati a daidai lokacin da ta bugi na talaka. An gina kasafin 2020 a kan gangar mai dala 57, a Afrilu farashin ya faɗo ƙasa da dala 20, dole aka sake kasafin a kan dala 28. Kuɗin da 'yan uwanmu na ƙasashen waje suke aikowa ya ragu da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Aka ranto dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka fito da shirin farfaɗowa na naira tiriliyan 2.3 ƙarƙashin Mataimakin Shugaba Osinbajo. A ciki akwai tallafin ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75, da aikin wucin gadi na mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma a kan dubu 20 a wata na wata uku, ga kuma rancen Babban Banki da aka bi da shi ta bankin NIRSAL.

Ba zan ce babu wanda ya amfana ba, na san waɗanda suka samu. Amma a ganina matsalar da ta fi ƙarancin kuɗi ita ce rashin hanya. Rajistar talakawa ta ƙasa gidaje miliyan 2.6 ne a cikinta a lokacin, aka ba da umarnin ƙara miliyan ɗaya, kuma yawancin na cikinta mutanen karkara ne, alhali kulle mazauna birni masu hannu-baka-hannu-ƙwarya ya fi kamawa. Rance kuwa sai mai asusun banki da lambar BVN da intanet da wanda zai cike masa fom. Mai ƙosan da na ambata ba ta da ko ɗaya. Abincin da aka tara na rabo, mun ga inda ya kwana a Oktoba na 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafi a jibge, wata da watanni bayan an gama kulle. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ka kwatanta da Togo, ƙasar da tattalin arzikinta bai kai na Legas ba. A Afrilu na 2020, cikin 'yan kwanaki, suka kafa shirin Novissi. Mutum zai danna lamba a ƙaramar wayarsa, ya shigar da lambar katin zaɓe, kuɗi su shigo masa ta waya. Katin zaɓen nasu yana ɗauke da sana'ar mutum da unguwarsa, don haka aka iya ware masu sana'ar hannu na wuraren da aka kulle. Mata ma aka ba su fiye da maza, bisa hujjar cewa kuɗin mace ya fi isa tukunya. Shirin yana da nasa giɓin, wanda ba shi da katin zaɓe bai samu ba, kuɗin kuma kaɗan ne. Amma ya iso a makon da ake bukatarsa, kafin a sayar da akuya. Naira dubu biyar a makon farko na kulle ta fi dubu 50 bayan shekara, domin ta farkon jari take karewa, ta biyun kuwa ta'aziyya ce. Nijar da Ghana sun bi wata gajeriyar hanyar, suka ɗauke wa jama'a kuɗin ruwa da wani ɓangare na kuɗin wuta na wasu watanni, ko da yake wannan mai famfo da mita kawai ya taimaka.

Duk da haka, da korona ce kaɗai, da yanzu an manta. Jarin da ya karye yana bukatar shekara biyu ko uku na kwanciyar hankali ya ɗinke, mu kuwa ba mu samu ko ɗaya ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi a Fabrairu na 2022 ya ɗaga farashin alkama da taki. Ambaliyar daminar 2022 ta cinye gonaki a Jigawa da jihohi da yawa. Canjin takardun naira ya busar da tsabar kuɗi a farkon 2023, a kasuwar da rabinta da tsaba take tafiya. Ranar 29 ga Mayu na 2023 aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, a Yuli aka yi juyin mulki a Nijar aka sake rufe iyaka har cikin 2024. Ga 'yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna. Dalar da hukuma take sayarwa naira 306 a farkon 2020 ta haura 1,500 a 2024. Idan ka ɗora hauhawar farashin kowace shekara a kan ta baya, daga ƙarshen 2019 zuwa ƙarshen 2024 kaya sun kusa ninka uku, mafi ƙarancin albashi kuwa daga dubu 30 ya koma dubu 70. Ma'aikacin da yake ɗinka wa iyalinsa kala biyu da salla ya koma kala ɗaya, ko ya nufi gwanjo. Sutura ita ce abu na farko da magidanci yake yankewa idan mudu ya yi tsada, don haka ku ne na ƙarshen farfaɗowa.

Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 70 suka ƙaru cikin matsanancin talauci a 2020. Ƙasashe matalauta suka ci bashi don su ratsa annobar, sai manyan bankunan Amurka da Turai suka ɗaga kuɗin ruwa daga 2022 don maganin tsadar da ta addabe su, bashin namu ya ƙara nauyi. Zambiya ta kasa biya a Nuwamba na 2020, Ghana ta dakatar da biya a Disamba na 2022, Habasha ta bi a ƙarshen 2023. Ko kuɗin ajiya na dala biliyan 650 da Asusun Lamuni ya raba a Agusta na 2021, an raba ne bisa girman hannun jarin kowace ƙasa, sai duk Afirka ta tashi da kusan biliyan 33.

Abin da ya fi hana ni barci ba kasuwa ba ne, Alhaji, yara ne. Mun ga darasin tun lokacin Ebola. Tsakanin 2014 da 2016 ta kashe sama da mutum dubu 11 a Gini da Laberiya da Saliyo. Ita ma Saliyo annobar ta haɗe mata da faɗuwar farashin tama, tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a 2015, sannan alƙaluma suka juyo sama a shekara mai bi. Amma makarantu sun yi kusan wata tara a rufe, 'yan mata da yawa ba su koma ba, kuma dokar da ta hana masu juna biyu shiga aji ba a ɗage ta ba sai 2020. Alƙaluma shekara ɗaya suka yi suna jinya, waɗannan yara kuwa sun tafi da tabon har girma. A wajenmu an rufe makarantu a Maris na 2020, yawancinsu ba su buɗe sosai ba sai wajen Oktoba. Ɗan mai hali ya yi karatu ta waya, ɗan talaka ya ɗauki talla ko ya bi babansa gona. Aka kwashi almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu da alkawarin za a sa su makaranta, ba a jima ba suka dawo titi. Ana cikin komawa aji sai satar ɗalibai ta ɓarke, Ƙanƙara a Disamba na 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairu na 2021, aka sake rufe makarantun kwana da dama. Jami'o'i ma yajin aikin malamai ya ci kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Yarinyar da aka aurar a wannan tsakani, babu wani shirin farfaɗowa da zai mayar da ita aji uku.

Haka abin yake a asibiti. Iyaye sun ƙaurace wa riga-kafi da awo saboda tsoron a ce suna da korona, ma'aikata kuma an karkatar da su. Da ma can allurar yara ba ta wadata a Arewa ba, sai giɓin ya ƙara faɗi. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, mafi yawansu yaran da ba a yi musu cikakkiyar allura ba. Ba zan ɗora wa korona laifin duka ba, amma tana da hannu.

Idan da za a tambaye ni inda za a sa kuɗi, ba zan ce a ƙirƙiro sabon shiri mai dogon suna ba. A gyara rajistar masu ƙaramin ƙarfi tun ana zaune lafiya, har da na birni, a haɗa ta da lambar waya, domin ran da wata masifar ta zo kuɗi su isa cikin mako. A makaranta a daina yi kamar ba a rasa komai ba. Akwai tsarin da aka faro a Indiya, aka gwada a Borno da Kebbi, inda ake ware yara na ɗan lokaci kullum bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a koya musu karatu da lissafi da harshen da suke ji. Ba ya cin kuɗi sosai, kuma yana aiki. Ku kuma attajiran kasuwa, ku tuna cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ambata a rabon zakka. Zakkar da za a yayyafa wa mutum ɗari ta cefanen kwana biyu, da za a dunƙule ta a tayar da mutum biyar da suka san sana'a amma jari ya karye musu, baɗi wataƙila biyu daga cikinsu su ne masu fitarwa. Irin maƙwabtan nan naka biyu nake nufi.

Kai kanka kuma ga abin da zan roƙe ka. Ka daina ƙirga jarinka da naira. Ɗauko littafinka na 2019 ka duba turmi nawa na atamfa da yadi nawa na shadda suke shagon a jajibirin azumi, ka ƙirga na yau. Da yawa daga cikinku suna ganin kuɗin da ke shigowa ya fi na da, suna cire na gida daga ciki a matsayin riba, alhali uwar kuɗin suke ci ba su sani ba. Idan ka sayi turmi a dubu 10 ka sayar a dubu 12, ka koma sari ka tarar ya zama dubu 13, ba ka ci ribar dubu biyu ba, ka yi asarar dubu ɗaya. Saboda haka farashin sayarwa a ɗora shi a kan abin da za ka biya ka maye gurbin kayan, ba a kan abin da ka biya wata uku da suka wuce ba. Bashin da za ka bayar ma ka gajarta wa'adinsa, ko ku yi yarjejeniya da mai ɗauka tun farko a gaban shaidu, kamar yadda ayar bashi ta yi umarni. Ka yanka wa kanka albashi na wata, kada hannu ya riƙa shiga aljihun shago duk sanda aka aiko daga gida. Idan ka yi wannan ƙirga ka ga turamen sun ragu da rabi, to ka san girman ramin da kake cikewa ke nan, sai ka raba shi a kan azumi uku ko huɗu masu zuwa, ka san adadin da za ka riƙa mayarwa cikin shago bayan kowace salla kafin ka taɓa sauran.